Mai Fenti da Jirgin da Bai Zo Ba

Duk wanda ya san Mai Fenti ya san shi da hannu mai kyau da baki mai zafi. Tun yana saurayi ya koyi aikin a wurin wani tsoho da ba ya yabon kowa. Ya fara da wanke buroshi da riƙe tsani, har ya kai idan ya ja layi tsakanin bango da silin sai ka rantse da rula aka ja. Ba ya shafa fenti a kan datti. Sai ya kankare bango, ya cike ramuka, ya goge, sannan ya buɗe gwangwani. Idan mai gida ya ce a lallaɓa haka nan, sai ya sauko daga tsani ya ɗaure kayansa, ya ce a nemo wani. Ya rasa ayyuka da dama a kan wannan hali, kuma ko a jikinsa.

Da wannan sana'a ya sayi fili a layin bayan kasuwa, ya gina ɗakuna uku, ya bar tsakar gida da faɗi da gangan. 'Ya'yansa mata sun girma sun yi aure, kowace ta bi mijinta. Saura Auta, shi kaɗai ne namiji. Wannan filin da ke kusa da bishiyar lemo nasa ne, nan zai gina ɗaki da falo idan ya tashi aure. Mai Fenti ba mai dogon buri ba ne. Abin da yake so a tsufansa shi ne Auta ya zauna a gida, jikoki su cika tsakar gidan da ihu, shi kuma ya riƙa yi musu tsawa yana jin daɗi.

Wata safiya farar mota ta tsaya a bakin layin. Wasu mutane masu riguna ruwan lemo suka fito da na'ura mai ƙafa uku, suna leƙe ta cikinta, suna ɗaga wa juna hannu. Kafin Mai Fenti ya gama sa takalmi, ɗaya daga cikinsu ya riga ya zana jar alama a bangon gidansa, layi biyu a gicciye da lamba a ƙasa. Bangon nan kuwa bai yi wata guda da shan sabon fenti ruwan sararin sama ba.

"Kai! Bangon ubanka ne?" in ji Mai Fenti, yana tahowa da takalmi ɗaya a hannu.

Shugaban masu awon ya tare shi. "Baba, yi haƙuri, aikin gwamnati ne. Jirgin ƙasa za a kawo, mai gudun tsiya, daga babban birni zuwa birnin bakin teku. Tafiyar da kuke wuni kuna yi a mota, awa biyu za ta koma. Ta nan ake ganin zai bi."

"Ta cikin ɗakina?"

"In lokaci ya yi za a ba ku wani wuri, wanda ya fi wannan. Amma duk gidan da aka yi wa alama, kada a ƙara ko bulo ɗaya. Abin da muka gani yau shi muka sani."

"To yaushe ne lokacin?"

"Yanzu dai ana bincike ne, a ga ko aikin zai yiwu. Za ku ji daga gare mu."

Suka bi layin gida-gida suna shafe-shafensu, suka shiga mota, suka tafi. Mai Fenti ya sa yatsa ya dangwali alamar, ya duba, ya ja tsaki. Abin ruwa-ruwa, ko danƙo babu. Ya ce wa matarsa lallai wani ɓarawo ya cinye kuɗin fentin ya sayo musu ruwan alli.

Damina ɗaya ta isa. Kafin ruwa ya ɗauke alamomin sun koɗe, wasu ma sai ka matsa kusa za ka ga inuwarsu. Hankalin layin ya tashi. Tela, wanda shagonsa ke kallon gidan Mai Fenti, shi ya fara faɗin abin da ke ran kowa: idan alama ta goge, ranar da suka dawo da me za su gane mu? Sai a rushe gida a ce ba a san da kai ba. Mai Fenti bai tsaya dogon zance ba. Ya je ya sayo jan fentin mai, irin wanda ake shafa wa ƙofar ƙarfe, ya bi sawun tsohuwar alamar a bangonsa ya tayar da ita. Ya yanka kwali ya fitar da lambar tsaf. Ta fito jawur tana sheƙi, ta fi ta masu awon kyau nesa ba kusa ba. Tela ya ce a yi masa. Mai shago ya ce a yi masa. Gwauruwar da ke ƙarshen layi ta aiko da roƙo. Ya yi wa kowa, bai karɓi ko sisin kowa ba.

Daga nan abin ya zama ɗabi'ar layin. Duk shekara idan ruwa ya ɗauke, sai a ga Mai Fenti da gwangwani da kwalayensa yana bi bango-bango, mata suna miƙo masa ruwan sha suna sa masa albarka. Shi kuma yana yi yana zagin ɗan kwangilar fentin da bai taɓa gani ba.

Abin da ya biyo baya kuwa, ko yanzu aka tuna sai rai ya ɓaci. Layi guda na mutane masu hannu da ƙafa suka zauna suna kallon gidajensu suna lalacewa. Kwanon rufi ya ɗaga, sai a ɗora masa dutse da tsohuwar taya. Bango ya tsage, sai a tokare shi da katako. Wa zai kashe kuɗi a gidan da gobe za a rushe? Hatta bangon Mai Fenti, mutumin da ba ya iya wuce ɓarewar fenti a gidan wani bai yi magana ba, ya koɗe ya yi furfura, babu abin da ke da rai a jikinsa sai jar alamar nan. Su kuwa masu jirgi ba su yi shiru ba, ai da sun yi shiru da mutane sun gane. Duk lokacin zaɓe sai a kafa ƙaton allo a bakin tasha, ga farin jirgi mai dogon hanci, ga mutane a ciki suna dariya da haƙora farare. Duk sabuwar gwamnati sai ta kawo nata masanan, a ce binciken baya bai cika ba, a sake sabo. An yi ta bincike kamar jirgin ɓata ya yi.

A bencin ƙofar Tela ake tafka musu da yamma. Tela ya ce ya ji irin wannan jirgin ba ya iya kwana, sai hanya miƙaƙƙiya kamar zare, to ina za a samu wannan a ƙasa mai duwatsu da koguna? Mai shago ya ce shi abin da ke ba shi dariya wuta ce. Wutar da ta kasa riƙe masa firji ita za ta ja jirgi? Kuma kuɗin tikitin, wa zai iya biya, mu da muke cinikin kuɗin mota har sai an kusa dambe? Mai Fenti ba ya barinsu su kai aya.

"Ku rufe mana baki! Gwamnati mahaukaciya ce da za ta turo mota da ma'aikata su yi alama a banza? In ba ku yarda ba, me ya sa kuke kira na in tayar muku?"

Gaskiya ne kuwa, su suke kiransa.

Ana cikin haka Auta ya zama mutum. Ya koyi aikin jan wayar wuta, hannunsa ya faɗa, ya samu yarinya mai aikin jinya suka daidaita. Wata rana Mai Fenti ya dawo daga aiki ya tarar an sauke bulo a tsakar gida, an jera su a gindin lemo. Auta na tsaye yana auna ƙasa da ƙafa, fuskarsa cike da fara'a.

"Wannan fa?" in ji Mai Fenti.

"Baba, na ɗakin ne. Na yi magana da magini, jibi zai fara."

"Da izinin wa?"

"Ai kai ka ce wurin nawa ne."

"Naka ne, amma makaho ne kai? Ba ka ga abin da ke bango ba? An ce ko bulo ɗaya! Kana so ka ja mana a ce mun karya doka, a hana mu sabon wurin gaba ɗaya?"

"Baba, ina makaranta aka yi alamar nan. Yau ga ni da gemu. Ka taɓa ganin ko ƙusa ɗaya ta jirgin nan?"

"Ni kake wa gatse?"

Matarsa ta fito daga kicin tana goge hannu. "Malam, ka bar yaron nan ya yi ɗakinsa. In sun zo rushewa su rushe har da shi, me aka yi aka yi?"

"Ke ma kin bi sahu? To ku ji da kyau. Muddin ina numfashi ba za a ɗora bulo a gidan nan ba sai an ce a ɗora. In an ba mu sabon wuri, ni da kaina zan ja masa ɗaki biyu da falo. Kafin magariba a kwashe su."

Aka kwashe. Auta kuwa ya yi haƙuri fiye da yadda uban ya cancanta. Ya jira wata damina, ya jira ta bayanta. Ya nemi haya a garin, ya ga kuɗin da zai biya ya fi abin da aikin garin ke kawowa. Da wani kamfanin gine-gine a babban birni ya neme shi, sai ya ɗaure jakarsa. Ranar tafiya uwar tana kuka, Mai Fenti yana ta faɗa da kowa a kan abin da bai kai ya kawo ba. A bakin mota Auta ya durƙusa ya ce, "Baba, duk ranar da aka ce a gina, ka kira ni, zan dawo."

"Ai ko ba ka dawo ba, in jirgi ya zo awa biyu ce," in ji uban, yana kallon wani wuri.

A can aka yi auren, a can aka haifi 'ya ta fari, aka haifi na biyu. Mai Fenti ya san jikokinsa a fuskar waya, rabin magana tana yankewa. Gwiwarsa ta fara ciwo, hawa tsani ya zama aiki. Duk da haka in ruwa ya ɗauke sai ya ɗauki gwangwaninsa. Yanzu ba ya zagin ɗan kwangila, ba ya ma magana. Maganar Auta ta bakin mota ita yake riƙe da ita, yana juya ta a ransa kullum.

Sai ga sanarwa cewa masana za su zo su bayyana wa jama'a sakamakon bincike, a ɗakin taron makarantar sakandare. Layin bayan kasuwa ya tashi kaf. Mai Fenti ya sa rigarsa mai kyau, ya zauna a sahun gaba. An jera manya a kan tebur da robobin ruwa, fanka ɗaya tana juyawa a kansu su kaɗai. Aka ci rabin safiya ana gode wa juna. Daga ƙarshe wata injiniya, mace mai gilashi da alamar gajiya a fuska, ta miƙe ta yi bayani dalla-dalla. Ta ce an auna yawan matafiya tsakanin biranen biyu, an auna abin da za su iya biya, an auna wutar da jirgin zai sha da gadojin da za a gina. Ta ce a halin da ake ciki aikin ba zai ɗauki kansa ba. Shawararsu ita ce a gyara tsohuwar hanyar jirgi a ci gaba da amfani da ita.

Ɗakin ya ɗauki guna-guni. Tela ya ɗaga hannu. "Ranki ya daɗe, mu 'yan layin bayan kasuwa fa? Mu da aka yi wa alama?"

Ta duba kwamfutarta, ta daɗe tana nema. "Bayan kasuwa? Ai wannan hanyar tun a binciken farko aka ajiye ta. Ƙasar wurin tana da ruwa a ƙarƙashi, kuma akwai kwana. An mayar da layin can gabas, nesa da gari. Ko da an yi jirgin ma ba a tsara zai tsaya a nan ba, wucewa zai yi."

Mai Fenti ya miƙe. "'Yata, alamar tana nan a bangona. Jawur. Ki zo ki gani."

"Har yanzu?" Ta cire gilashinta. "Baba, ba zai yiwu ba. Fentin awo da gangan ake yin sa mai gogewa. Damina ɗaya ko biyu ya tafi, don kada a ɓata wa mutane bango. In ya goge ba a dawo an sabunta ba, an bar wurin ke nan."

 Mai Fenti ya ji idanun layinsu gaba ɗaya a bayan wuyansa. Abin da ya kira sata, ashe tsarin aikinsu ne. Alamar ta so ta tafi ta bar su su huta, shi ya kamo ta ya ɗaure da fentin ƙofar ƙarfe, shekara da shekaru, kyauta. Kunya ta taso masa, fushi ya bi ta ya danne.

"To mu waye ya gaya mana?" Muryarsa ta cika ɗakin ba tare da lasifika ba. "Mu masu duba ne da za mu san fentinku magana yake yi? Kuna da mota da mai na zuwa ku ɓata mana bango, amma ba ku da na zuwa ku ce an fasa? Mutuminku ya tsaya a ƙofar gidana ya ce ko bulo ɗaya, ya ce za mu ji daga gare ku. Yau muka ji! Na kori ɗana saboda ku. Ɗana guda ɗaya!"

Injiniyar ta sunkuyar da kai. Ta ce lokacin ba ta fara aiki ba, amma ya kamata a ce an sanar da su, kuma ta ba da haƙuri. Ita kaɗai ce a teburin ta ji kunya. Shugaban taron ya duba agogo, ya ce an ji koken Baba, za a isar da shi inda ya dace, yanzu kuma lokaci ya ƙure, ga lemon kwalba a baya ga mai so. Haka aka sallami layi guda, da rufinsu mai yoyo da bangonsu mai tokare, da lemon kwalba mai ɗumi.

A hanyar gida Tela ya kasa haƙuri. "Da ka bar abin nan ya goge, da tuni mun gaji mun gyara gidajenmu."

Mai Fenti ya buɗe baki zai tuna masa wanda ya fara roƙo, sai ya fasa. Karon farko ke nan da aka gaya masa magana ya haɗiye.

Amma akwai abu ɗaya da ya rage masa, kuma shi ya hana shi faɗuwa. An ce a gina ke nan. Ya ƙi kiran Auta a waya, ya ce wannan magana ce ta ido da ido. Washegari da sassafe ya shiga motar babban birni. Wuni guda suna faɗawa rami suna fita, an cusa su kamar buhuna, gwiwarsa a manne da kujerar gaba. Bai yi faɗa da direba ba, bai yi da kowa ba. Yana ta lissafin inda ƙofa za ta kalla da inda taga za ta zauna.

Rana ta yi sanyi ya isa gidan hayar da Auta ke zaune. Wata 'yar yarinya da ke wasa a bakin ƙofa ta kalle shi, ta ruga ciki tana cewa, "Mama, ga wani tsoho yana sallama!" Surukarsa ta fito da sauri ta durƙusa, tana ce wa yarinyar, "Ke, Kaka ne fa, na cikin waya." Yarinyar ta ɓuya a bayan zanen uwarta tana leƙensa.

Da Auta ya dawo daga aiki, uban bai bari ya zauna ba. Ya kwashe labarin taron ya gaya masa, har da maganar fentin, bai rage komai ba. "Saboda haka wurinka yana nan. Ka sa rana, ni zan nemo magini."

Auta ya kalli ƙasa. "Baba, ka huta tukuna. Da safe akwai inda zan kai ka."

Da safe ya ɗauke shi a babur zuwa bayan gari, inda sababbin gidaje ke tsirowa cikin ciyawa. Ya tsaya a gaban wani ƙaramin gida, an rufa kwano, an yi filasta, an sa ƙofofi da tagogi. Ya ciro makulli daga aljihunsa.

"Na so in gaya maka tun ana tushe, na kasa. Yara sun shiga makaranta a nan, aikinta a nan, nawa a nan. Na jira, Baba. Allah ya sani na jira."

Mai Fenti ya shiga yana bin ɗakunan ɗaya bayan ɗaya. Yana neman wanda zai zaga ya rasa. Masu awon sun yi nisa, manyan teburin sun koma ofisoshinsu, yaron nan kuma bai yi laifin komai ba. Ya dafa bango. Auta ya buɗe wani ɗaki a ƙarshen baranda, ya ce a hankali, "Wannan na baƙi ne. In kun zo kai da Mama, nan za ku riƙa sauka."

Uban ya tsaya a bakin ƙofar bai shiga ba. Can ya ce, "Wa zai yi muku fenti?"

"Akwai wani da na yi magana da shi, gobe zai..."

"Ina raye? Kira shi ka ce ya sha zamansa. Je ka samo min samfefa da tsani."

Ya tuɓe rigarsa mai kyau ya rataye a ƙofa. Yana cikin goge bangon falo, farin gari na zuba masa a gemu, wayarsa ta yi ƙara. Matarsa ce, cike da murna.

"Malam, ka gaya masa? Me ya ce? Yaushe za su taho? Na sa an share gindin lemon, in sa a kawo yashi?"

Ya kalli bangon ɗansa, wayar a kunne.

"Kada ki sa a kawo komai," ya ce. "Zan kwana biyu a nan, aiki na samu. In na gama zan taho ni kaɗai."